Ranar Kaka da Sunan da Na Kira a Lasifika

Ranar sunan ɗan Nafisa, muna zaune a tsakar gida ana rabon waina, sai ita mai jegon, autata da bakinta ba shi da linzami, ta dube ni ta ce:

"Umma, ke dai kyauta kinka yi da Yaya, awa wadda tab ba da 'yar akuya kiwo. Mu duka gabanki munka tashi, ita kaɗai Wamakko."

Aka yi dariya. Yayarku ma ta yi, amma ni na ga inda dariyar ta tsaya, iyakarta haƙora. Na sunkuya ina gyara wa jariri zani kamar ban ji ba. To 'ya'yana, ga amsar da na kasa bayarwa a ranar. Na zaɓi in rubuta ta ne saboda akwai sunaye a cikinta da har yau bakina ba ya iya ɗauka, hannu kuwa yakan lallaɓa ya rubuta.

A shekarar da abin ya faru ina koyarwa a wata 'yar makarantar nazare a Tudun Wada. Gidan haya ne, an mai da zaure ofis, ɗakuna biyu sun zama aji, bayanmu masu walda, gabanmu mai injin markaɗe. Mai makarantar, Hajiya Luba, mace ce mai son sabon abu, in ta ji shi da safe tana so a yi shi kafin azahar. Ita ta ce ba ta yarda a sa yara 'yan shekara huɗu su wuni suna rera baƙaƙe kamar kwaɗi ba, a bi shekara yadda Allah Ya tsara ta, kowane lokaci da abin da za a koya a cikinsa. Ita ta kawo maganar, ni kuwa na ɗauke ta a ka, don a lokacin ina jin kaina ƙwarai. Da sanyi mukan aika lambu a sayo albasa da karas da tumatir, yara su ware su launi-launi, su ƙirga, rabin karas ɗin ya ƙare a ciki kafin a kai goma. Da bazara mu saƙa mafici da kaba, in sayo ƙanƙara in ɗora a faranti su kewaye ta suna kallon yadda take komawa ruwa, kullum kuma sai an sami mai lasa. Damina ce babbar kasuwarmu. Kowane yaro ya zo da gwangwanin madara, mu huda gindinsa, mu cika da ƙasa da taki, ya shuka wake da hannunsa. In ya yi ganye mu mai da shi gindin katanga, mu kafa kara mai ɗauke da sunan mai shi, mu kewaye da ƙaya saboda awakin unguwa. Kowace safiya su ruga su auna tsawonsa da tsinken tsintsiya. In kaka ta yi su tsinke wakensu, kowa ya gina ɗan rumbu na laka da bai fi tafin hannu biyu ba, mu yi masa jinka da ciyawa, ya zuba amfaninsa a ciki. Iyaye sukan ce mun mai da musu yara manoma, amma suna faɗa suna murmushi.

Yayarku tana cikin ajin nan, kuma a nan matsalata take. Ku 'yan yanzu kuna kiran 'ya'yanku na fari da suna, kuna sumbatar su a gaban kowa, har ku ɗauki hoto. Mu ba haka muka tashi ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ki kau da kai wata ta ɗaga shi. Ita kuma ba 'yar fari kaɗai ba ce, sunan Inna ta ci, mahaifiyar babanku, Hauwa'u. A gida Inna Ƙarama ake ce mata. Ni ko wannan ban cika faɗa ba, "ke" nake cewa, ko "yarinyar nan". In kuma aka haɗa da sunan uba, kamar yadda ake yi a makaranta, sai ya zama Hauwa'u Bello. Wato a numfashi ɗaya in kira 'yar farina, in kira surukata, in kira mijina. Akwai wani yaro a ajin mai suna Bello, shekara guda ina ce masa "mai sunan Malam", har uwarsa ta zo tambaya ko an canza masa suna ne. Abin da ya rufa mini asiri shi ne abokiyar aikina, Anti Rabi. Ita ke kiran rijista kullum, ni in yi waƙa da wasa da sauran hidima. Mun yi haka ba wanda ya lura, ita kuma ba ta taɓa tsokanata a kai ba, Allah Ya saka mata.

Inna tun ranar yaye take son a ba ta takwararta, kamar yadda aka saba. Tana zaune a Wamakko, a gidan da ta haifi babanku, tana da gonar gero da 'yar fadamar shinkafa da ƙannensa ke nomawa. Kada ku ɗauka muguwa ce. Mace ce mai tsabta da kawaici, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, in ta zo birni ba ta zuwa hannu sake. Ni dai ba ni da bakin cewa a bar mini 'yar fari, wannan magana ba ta fita daga bakin uwa. Babanku ne ya riƙa ja mata rai, yau ya ce yarinya ba ta yi ƙwari ba, gobe ya ce a bari ta gama nazare. Inna takan ce to. Ni da shi ba mu taɓa zama mun tattauna ba, amma na san don ni yake yi, kuma muna fatan in an gama nazare a ce firamare, har maganar ta mutu da kanta.

A daminar shekarar nan na fito da wata doka a aji, kuma na yi alfahari da ita. Wani yaron unguwa ya ɓata a kasuwa, aka wuni ana nema saboda da aka tambaye shi sunansa sai ya ce Baba, sunan ubansa kuma Baba. Sai na ce dole kowane yaro a ajinmu ya san cikakken sunansa da na ubansa. Muka mai da shi wasa. Su jeru, hannuwa a gefe, Anti Rabi ta riƙa kira. In ta ce "kai mai jar riga" ko "Ummi" ko ta yafito da hannu, wanda ya motsa ya faɗi wasa. Sai ka ji sunanka na yanka haɗe da na ubanka za ka fito. Ni ce mai tsayawa a gefe ina kama masu motsi, ina cewa ko ni na kira ku da wani suna kada ku yarda. Yayarku ta fi kowa iya wasan nan. Ko alewa aka miƙo mata ba ta ɗaga ƙafa.

Da kaka ta zo Hajiya Luba ta ce a yi Ranar Kaka, a gayyato iyaye su ga abin da yara suka shuka. Za a kira kowane yaro ya fito da rumbunsa, ya faɗi abin da ke ciki, a tafa masa. Ni da kaina na aika Wamakko a taimaka mana da zangarniyar gero da dawa da damin shinkafa don a ƙawata wurin. Na zaci yaro za a aiko da su. Ana gobe taro sai ga Inna da kanta, da kaya niƙi-niƙi, har da gyaɗa da kabewa.

"Na ce bari in taho in ga noman takwarata," in ji ta. "An ce mani har rumbu gare ta."

Ban damu ba, don na san Anti Rabi ce mai kira. Da safe na isa makaranta, an kafa rumfa a ƙofar gida, an jera benci, maza a gefe guda mata a gefe guda. Hajiya har ta aro lasifika wurin wani mai wa'azi, irin mai ƙahon nan da ake ɗaurewa a sanda. Muna cikin jera rumbuna a tebur sai ga ƙanwar Anti Rabi da gudu, wai naƙuda ta kama ta tun asuba, an tafi da ita asibiti. Cikinta bai isa ba a lissafinmu, shi ya sa ba mu yi wani tanadi ba. Na sami Hajiya a zaure tana fama da baƙi, na ce ko ita za ta kira sunayen.

"Ni? Ina ni ina sanin su? Ke ad da ɗiyanki, ke kin san kowa. Amshi nan, mutane na jira."

Ta danƙa mini abin magana ta juya. Ita gidan 'yan boko ta fito, irin wannan kunya ba ta cikin lissafinta, ban ma jin ta tuna yarinyar tawa ce. Ni kuma nauyin in yi mata bayani a gaban baƙi ya hana ni. Na fito ina lallashin kaina cewa in na zo kanta zan san dabara.

Aka fara lafiya. In kira yaro, ya fito da rumbunsa a tafin hannu, ya ce wake ne, na shuka da damina, na girbe da kaka, a tafa. Wani ya ce nasa shinkafa da miya ce, aka yi ta dariya. Mai sunan Malam ma Allah Ya taimake ni, zazzaɓi ya hana shi zuwa. Inna tana benci na gaba, ta yafa farin mayafinta na zuwa unguwa, babanku yana can cikin maza da abokansa biyu. Da na zo kan yayarku sai na tsallake, na kira na bayanta. Na ci gaba har layi ya ƙare. Ta rage ita kaɗai a tsaye a tsakiyar fili, rumbu a hannu, ta ƙura mini ido. Na kau da abin maganar daga bakina na yafito ta. Ba ta motsa ba. Na ce, "Ke, taho." Ko gezau. Na daure na ce, "Inna Ƙarama, taho mana." Sai ta girgiza kai, har da ɗan murmushi, don a zatonta gwada ta nake yi, kuma ta ci. Mata suka fara 'yar dariya ƙasa-ƙasa, waɗanda suka gane suna taɓa waɗanda ba su gane ba. Na juya kamar zan rufe taro. A nan ne murmushin ya ɓace, ta ɗaga murya yadda kowa ya ji:

"Anti, ni ba ki hwaɗi sunana ba. Kin hwaɗi na kowa."

Leɓenta na ƙasa ya fara rawa, jinkar rumbun ta zame ta faɗi, ba ta sunkuya ta ɗauka ba saboda doka ta ce kada a motsa. Wata uku yarinyar nan tana ba waken nan ruwa da murfin buta. Ban san lokacin da na mai da abin maganar bakina ba. Na dai ji muryata ta fito ta ƙahon nan, ta bugi katangar maƙwabta ta dawo mini:

"Hauwa'u Bello."

Ta taho da gudu, ta manta da jawabin wake, ta rungume ƙafafuna. Ni kuma, tun da an riga an yi, na sunkuya na ɗauke ta, na rungume ta a ƙirji a gaban duk Tudun Wada. Wasu suka tafa, Hajiya Luba ta fi kowa. Da na ɗago sai na ga Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ta miƙe a hankali, ta bi ta bayan benci ta fita, ba ta dubi kowa ba. A ɓangaren maza na ji wani ya ce, "Malam Bello, ana kira," aka fashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kunyar da na ji a tsayen nan, da yarinya a hannuna, ban taɓa jin irinta ba, kuma in na tuna har yanzu sai na ji zafi a bayan wuyana.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Matan gidanmu na haya suka bi ni da ido, wata ta ce, "Sannu da aiki, Anti, mun ji ki tun daga nan." Inna tana ɗaki, an kai mata abinci ta ce ta ƙoshi. Bayan la'asar babanku ya shigo, bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a bakin gado yana juya hularsa.

"Mi yas sa ba ki ba wata ta kira ba?"

Na ce babu wata.

"To tahi ki ba ta haƙuri. Ni ban da abin da zan ce mata yau."

Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Na ce Inna a yi haƙuri, kuskure ne. Ta ci gaba da jan carbinta. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Tun da uban mijinki yar rasu ba wanda yak kira sunan ga gabana. Yau na ji shi bisa sanda, maza na zaune. Ban ce kin yi da gayya ba, ɗiyata, na ga abin da yaf faru. Amma ke duba. Uwa na koya ma ɗiya ta tsaya gaban jama'a ta ce sai an kira ta, ita ko uwar ta kira. In ta girma haka, wa za ta ji ma nauyi? Gobe in za ni, da takwarata za ni. Can ma akwai makaranta."

Da wata rana ce, da babanku ya sami abin cewa. Ranar nan ba shi da shi, don duk hujjarsa makaranta ce, makarantar kuma ga abin da ta haifar. Ni kuwa da na buɗe baki na roƙa, da na tabbatar da duk abin da ake faɗa a kaina, cewa boko ya cire mini kunya har ina jayayya a kan 'yar fari. Na riga na zubar da abin da zan tsaya a kai. Na ce, "To, Inna." Na tashi na je na haɗa kayanta a jakar leda, riguna da takalmi da 'yar hular sanyi, ina ninkewa ina jin matan gida suna hira a tsakar gida kamar ba abin da ya faru.

Da safe muka raka su tasha. Ni bai kamata ma in je ba, amma na fake da riƙe wa Inna kaya. Yayarku murna take yi za ta shiga mota. Sai da aka zaunar da ita a cinyar Inna, ta ga ni ina waje, sannan ta gane ba tare za mu ba. Ba ta yi kuka ba. Ta leƙo ta taga ta ce:

"Anti, in tsaya can har ki kira sunana?"

Inna tana kallon gabanta. Babanku yana tsaye kusa da ni, direba da kwandasta suna ji. Abin da ya kamata in ce mata shi ne a'a, wasan ya ƙare, ki yi zamanki wurin Inna, za mu riƙa zuwa. Kalma nawa ce? Amma na riga na yi magana jiya fiye da yadda aka yarda uwa ta yi, bakina ya ƙi buɗuwa. Na ɗaga mata kai alamar e, kawai don ta bar tagar. Ta koma ta zauna daidai, mota ta tashi.

Na koma aji ranar Litinin. Hajiya Luba ta ce taro ya yi kyau, za a riƙa yi duk shekara, kuma an riƙa yi, na kira sunayen 'ya'yan mutane a lasifika har na yi ritaya. Yayarku ta tashi a Wamakko, ta yi firamare a can, ta iya surfe da dakan fura tun ku ba ku iya wanke kofi ba. Inna ta riƙe ta da gaskiya, ba ta taɓa rasa komai ba, wannan ku shaida ne. Mukan je da Salla, ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa, in amsa ina kallon wani wuri kamar yadda ya dace. Ban sake kiran sunan ba. Na ɗauka ma ta manta da maganar tasha, yaro ne, me zai riƙe.

Sai a ciwon Inna na ƙarshe, da muka dawo da ita gidanmu ina jinyarta, wata rana da hantsi ina shafa mata mai a ƙafa, mai tallan magani ya wuce ta ƙofar gida da lasifikarsa. Inna ta saurara har ya yi nisa, sannan ta ce:

"Kin san takwarata, shekarar da nit tahi da ita? Ranin nan duka, in ta ji lasihika, ko ta masallaci ko ta masu magani ran kasuwa, sai ta yar da abin da ke hannunta ta miƙe tsaye, hannuwa ga gehe, tana saurare. Ba ta motsi sai an gama."

Hannuna ya tsaya a kan ƙafarta. Na ce, "Inna, sai ki ce mata mi?"

"Mi zan ce? Sai in ce, ba ke anka kira ba, takwara, koma wasanki."